Me za a ƙara wa na'urar sauraren littafi?

Ka tambaye ni, yaro, in da za a sake ƙera wannan 'yar na'urar sauraren littafi, me ya kamata a ƙara mata, har kana cewa a sa mata sikirin na shafawa da intanet irin na waya. To ajiye sukudirebar, rufe idonka, karɓe ta. Nemo mini madannin tsayarwa. Ka ga ka tsaya lalube? Haka masu ita suke riƙe ta kullum: makafi, da tsofaffin da ido ya yi rauni, da mai kwance cikin duhu yana bin tafsiri. Gilashi sumul ba ya gaya wa yatsa komai. Shi ya sa wata irin wannan na'ura, Victor Reader Stream, wadda kamfanin HumanWare na Kanada ya fitar a 2007, ta zo da madannan lamba irin na tsohuwar waya, da ɗan tudu a kan lamba 5, kuma duk abin da ka danna sai ta faɗa maka da murya.

Ni abin da zan fara nema shi ne ta riƙa tuna inda mutum ya tsaya. Waƙa minti huɗu ce, in ta koma farko ba a yi asarar komai ba. Littafi kuwa yakan kai awa goma sha biyar. Mutum ya yi nisa, batir ya mutu, ya kunna ya ji an koma sallama, ai ka gama da shi. Irin masu arhar nan, da yawansu sai an kashe su da hannu suke ajiye wurin. In wuta ta ɗauke kwatsam, shi ke nan. Kamata ya yi ta riƙa rubuta wurin bayan kowane 'yan daƙiƙu, kuma kowane littafi da nasa, domin mai jin fiƙihu da asuba da labari da daddare kada ɗaya ya goge ɗaya. A haɗa da madannin sa alama, da na komawa baya daƙiƙa goma ga wanda tunani ya ɗauke.

Sai tsallake babi. Tsarin DAISY na shirya littattafan sauraro domin makafi, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1996, don wannan aka yi shi: ka je babi, ka je shafi, ba ka danne madanni kana canke ba. Kafin nan ma akwai ciwon da za a riƙa kawo maka: babi na 10 ya biyo bayan na 1, na 2 yana can baya. Na'urar lafiyarta lau, kada ka buɗe ta. Sake wa fayilolin suna, 01, 02, 03, ka kwafa su a jere.

Girman memori kada ya ruɗe ka. Murya zalla da aka naɗa a ma'aunin inganci na 64 kbps ba ta cin fiye da megabait 30 a awa, kati mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 250. Gara kuɗin ya tafi kan batir mai ciruwa, irin BL-5C na ƙananan wayoyi da ake samu a kowane teburin mai waya, da bakin caji USB-C mai ƙwari, don bakin caji ne ya fi kawo mana su shago. A sa lokacin kashe kai ga mai barci. A sa ƙarin sauri, amma wanda ba zai mayar da muryar malam ta ɗan tsako ba.

Bluetooth ban ƙi ba, muddin an bar ramin iyafis. Intanet kuwa batir yake sha, ga kuɗin data. Wanda nake kwaɗayi da gaske shi ne ta karanta rubutun Hausa da kanta, sai dai aikin ba ƙarami ba ne: bokonmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, dole injin ya gane su daga ma'anar jimla. Kafin a samu wanda ya iya, a bar mutane su karanta a naɗa.