Zuwa ga Isuhu, kafin ka kama hanyar Gaya

Isuhu ɗana, saƙonka ya same ni nan Yamai tun daren Talata, na bari sai na samu natsuwa, don tambayar taka ba wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Ka gaishe mini da innarka, ka ce mata ƙafar tawa ta yi sauƙi.

Ka ce abokinka na makaranta zai yi aure a wani ƙauye na bakin Kwara, ƙasa da Gaya kaɗan, kai ne babban aboki, kwana bakwai za ka yi can. An gaya maka makaɗan garuruwan nan ba su barin baƙo ya huta, shi ne kake tambaya ko dole ne ka ba su kuɗi in sun wasa ka, tunda abokanka na fada a Tawa sun ce roƙo ne kurum. Kuma kana so ka ɗauko kiɗan da wayarka ka sa a Facebook. To, saurara.

A 1983 aka tura ni Gaya aikin malamin gona, na yi shekara 6 can. Ba'adare ne ni kamarka, ruwan da na sani shi ne na rijiya mai gaba ashirin da na tabkin da ke ƙafewa kafin bazara. Na sauka cikin watan Janairu, hunturu na busawa, rabon sama da ɗigon ruwa wata uku, amma na tarar da kogi cike fal har yana lasar gonakin shinkafa. Masunta suka ce mini ai Kwara sau biyu take cika. Akwai jan ruwa na damina, akwai kuma wannan baƙin ruwan, wanda aka yi tun can duwatsun Gini, ya tsaya ya bazu cikin fadamun Mali, sai bayan watanni ya iso mana. Tun ranar na gane na zo ƙasar da ban san kanta ba. Amma ban gane da kyau ba sai da na yi abin kunya.

Wata na biyu da zuwa, mai masaukina ya yi suna. Bayan an shafa fatiha aka raba goro, wani tsoho ya zauna gefen tabarma da molonsa mai tsirkiya uku, wani yaro na bayansa yana amsa masa. Ba ya ɗaga murya. Ya kama kakannin mai jego ɗaya bayan ɗaya da Zabarmanci, na ga dattawa masu furfura suna sunkuyar da kai, wata tsohuwa a bakin zaure tana share ido da gefen mayafi. Can ya tambaya wane ne baƙon nan mai farar hula. Aka ce ɗan Adar ne. Sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya kira Agabba, wanda ya kafa sarautar Adar, ya kira Illela, ya wasa ƙasarmu ta duwatsu da mazanta masu tafiya cin rani su dawo da abin kansu. Tsigar jikina ta tashi, amma hannuna bai fita daga aljihu ba. Lokacin ina ganin ni ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, na wuce a yi mini roƙo. Mai masaukina ya matso, ya miƙa wa yaron dala ɗari a ɓoye, sanƙira ya tashi ya shelanta cewa baƙo ɗan Adar ya yi kyauta. Da dare, bayan mutane sun watse, ya ce mini cikin sanyin murya: "Malam, da ya tashi hannu wofi, ba kai za a ce ba, gidana za a ce." Har yau in na tuna, kunya nake ji.

Irin wannan tsohon Zabarmawa ke kira jasare. Ba mabaraci ba ne. Gado ne, tun yana yaro ake zaunar da shi bakin wuta da dare yana haddace sunayen zuriya, gida gida, yadda ku kuka haddace izu a makarantar allo. A bakinsu labarin Mali Bero, kakan Zabarmawa, ya rayu. A bakinsu aka riƙe tarihin Isa Korombe, wanda ya haɗa kai da Kabawa ya yaƙi Gwandu, ya faɗi a yaƙin Bumba a 1896, nan bakin kogin da za ka je, sama da Gaya. Mu da muka tashi da Muryar Sahel mun sha jin molon Jeliba Baje, wanda ya rasu a 2018, kuma irinsa ƙarewa suke yi, 'ya'yansu sun tafi boko da kasuwanci. Duk wanda ka samu da rai yana wannan aikin, abin da ka ba shi ladan tsaron sunan mutane ne, kuma shi ne abincin iyalinsa.

Ban ce abokanka ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai masu bin biki da kalangu, ba su san kakan kowa ba, in ka hana su sai habaici. Waɗannan ka ba su dala ashirin ko arba'in ka wuce, ko ka ce Allah ya ba da haƙuri, babu wanda zai zarge ka. Maganata a kan maroƙin gidan ce, wanda za ka ga uban ango da kansa ya tashi ya tarbe shi.

Nawa za ka bayar? Gwargwadon ƙarfinka. Kai ɗalibi ne, kowa ya sani. Tun a Doso ka canza jika biyar ko shida zuwa ƙananan takardu, ka raba su kan kwanakin, kada zafin kiɗa ya ɗebe ka ka zubar da su daren farko, ranar buɗar kai a neme ka a rasa. Babban aboki ana kallon hannunsa har ƙarshen biki. Wurin rawar 'yan mata ka yi liƙi yadda aka saba. Tsoho mai molo kuwa kada ka liƙa masa kuɗi a goshi. Ka durƙusa, ka ajiye gabansa da hannun dama, ko ka ba sanƙira ya faɗa. Kafin komai ka tambayi angon wa ya kamata a fara ba, don kowane gida da nasa maroƙa, kuma tsallake babba a ba ƙarami yana ɓata rai fiye da hanawa.

Sai maganar waya. Kiɗan biki na fili, ɗauki abinka, kowa ma zai ɗauka. Amma kiran zuriya ba naka ba ne, ba ma na mai molon kaɗai ba ne, na gidan da ake kira ne. A ciki akwai wanda aka ci da yaƙi, akwai wanda kakarsa baiwa ce, akwai tsohuwar rigimar sarauta da har gobe ba ta mutu ba. Abin da aka faɗa gaban mutum talatin da suka san juna, in ka watsa shi duniya, kana iya hura wutar da kai kana Tawa ba za ka ji zafinta ba, abokinka ne zai zauna cikinta. Ka nemi izinin uban gida, ka nemi na tsohon, ka gaya musu a fili inda za ka sa shi. In sun yarda, ka ƙara masa wani abu a kan kyautar farko, ka rubuta sunansa da garinsu a ƙarƙashi. In sun ƙi, mayar da wayar aljihu ka buɗe kunnenka.

Akwai kuma kiɗan da ko tambaya ba na so ka yi. In ka ji goge ɗaya da ƙorai ana buga su da tsinkaye a wani gida, da rana tsaka, ba biki ba suna, to wasan iskoki ne, ɗan'uwan borinmu. Sau da yawa marar lafiya ake yi wa. Mu musulmi ne, ban ce ka shiga ba, ban ce ka gaskata ba. Amma kada ka tsaya bakin danga kana dariya, kada ka ɗaga waya. Wuce abinka.

Haka kogin ma yana da masu shi. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, su ne mutanen ruwa tun zamanin Songai, suna jingina asalinsu ga Faran Maka, kuma suna da kirarinsu na dorina da na Harakoi Dikko, wadda suke cewa ita ce uwar ruwa. Danginsu sun bazu har Kabi da Yawuri. Ko bikin kamun kifi na Argungu, da aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan, ba mai sa ƙafa cikin kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. To in ɗaya daga Sarkawa ya ce maka kada ka yi wanka a wuri kaza, ka bari. Ko ba ka yarda da dalilin da ya faɗa ba, shi ya san inda gurbi yake, ya san inda dorina ke da ɗa. Kai ko iyo ba ka iya ba. In za ku shiga jirgi, ka zauna inda matuƙi ya nuna maka, kada ka miƙe tsaye don hoto. Na ga gawar saurayi baƙo da aka tsamo da taru a shekarata ta uku can, ban so in sake jin irin wannan labarin.

Harshe ba zai dame ka ba, Gaya kusan kowa na jin Hausa, ga Dandawa ga Kyangawa ga Kabawa. Duk da haka ka riƙe gaisuwar Zabarmanci, "fofo" da "mate ni go", tsofaffi na jin daɗi. In Bazabarme ya ji kakarka Bagobira ce ya hau ka da tsiya, taubashinka ne, rama masa, kada ka yi fushi.

Ka tafi da goro da kilishi na uban ango, da turmin atamfa na uwarsa in innarka ta iya. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa a jiki, shingayen jandarma na da yawa daga Konni zuwa Dogon Dutsi har Doso. Daga Doso zuwa Gaya kilomita wajen 150 ne, ka yi ƙoƙari ka shige su da rana. Tun da aka rufe gadar Malanbil, ta kan iyakar Benin, a 2023 mutane suka koma ƙetarewa da jirgi. Kai ba ka da abin yi a wancan ƙetaren, ko samari sun ja ka kada ka bi.

In ka isa ka kira ni. Zan faɗa maka unguwar da gidan mai masaukina yake. Shi ya rasu, amma babban ɗansa na nan, ka kai masa jika biyu ka ce in zuriyar tsohon mai molon na kusa a ba su, daga malamin gona ɗan Adar. Zan aiko maka kuɗin ranar Alhamis. In kana dawowa ka riƙo mini busasshiyar tarwaɗa da muruci.

Kawunka.