Tol ɗin siminti ba a sa masa inji

Kai yaro, kana tambayata ko ka sa inji ka yanka tsohon tol ɗin simintin nan mai ruwan toka da muka tarar a gidan unguwar Plateau? Kul! Amiyanti ne a cikinsa, zaren dutse da ake kwaɓawa da siminti don ba ya cin wuta, ba ya tsatsa. In yana zaune ƙalau, da sauƙi. Amma da ka yanka shi ko ka fasa, sai ƙura ta tashi, mai laushin da ido ba ya gani, ta shige huhu ta zauna. Sai bayan shekara 20, 30, har 40 numfashi ya fara gagarar mutum, ko sankara ta kama huhun ko fatar da ta lulluɓe shi. Mai shan sigari nasa ya fi muni. Faransa ta hana amiyanti tun 1997, mu ga shi nan bisa kawunanmu.

Irin tol ɗin nan ne ya haɗa ni da wani alhaji a Yantala, kuma har gobe abin na ci mini rai. Na gaya masa aikin ba na sauri ba ne: a jiƙa, a kwance bulon ɗin da ke riƙe da tol ɗin ɗaya bayan ɗaya, a sauke kowane falle cikakke. Ya ce ya yarda, muka tsaida kuɗi, ya ba ni ɗan somin-taɓi. Da kuɗin aljihuna na sayi takunkumin kirki na FFP3, na biya ƴan garuwa, na sayi leda ta naɗewa. Mun ci fiye da rabin aikin, sai na zo wata safiya na tarar ya ɗauko wasu samari suna farfasa sauran da guduma, gidan ya yi fari fat, ƴaƴansa na wasa a tsakar gida. Wai ni ina jan aiki don in ci kuɗinsa. Ni! Jikka 200 ya riƙe mini, na kai maganar gun limamin unguwa, alhajin ya rantse bai san zancen ba. Guntayen ma sayar da su ya yi, mutane suka rufe akurkin kaji da su.

Samarin nan tsaranku ne. Ku yaran yanzu hannu ɗaya na kan waya, burinku a gama a karɓi kuɗi kafin la'asar. Mu sai da muka daɗe muna ɗaukar bokiti kafin maigida ya bar mu mu hau rufi.

Yadda ake kwance bulon ba sai na koya maka ba. Kada dai ka taka tsakiyar falle, tsoho ne, zai karye da kai. Rawani a hanci ba ya tare wannan ƙura, kuma ba a share ta a bushe. Gobe ka zo da tsofaffin tufafin da za ka bari a wurin aiki, kada ka kai wa innarka ta kakkaɓe.