Amsa ga ɗan ƙanena kan zaman kallo a garaji

Ɗana, saƙonka ya iso, mutanen Birni duk lafiya. Ka ce a inda kake koyon aiki ana sa ku lura da injinan haidurojin, mai amfani da ƙarfin lantarki ya raba ruwa ya fitar da iskar haidurojin, da mai mayar da iskar ta zama wutar lantarki, kuma kwamfuta ce ke faɗin lafiyarsu. Shi ne kake tambaya ko al'adarmu ta garaji, inda yaro ke daɗewa yana kallo kafin a bar shi ya riƙe sifana, ta zama tsohon yayi.

Ba ta zama ba. Ba don wulaƙanci ake zaunar da yaro ba. A Zango, maigida kan tada injin da sassafe, ya ɗora bakin sukudireba a jikinsa, ya kara mariƙin a kunne, sannan ya ce wa yaro zo ka ji. Kullum haka, injin kuwa lafiya lau. So ake kukansa na lafiya ya zauna wa yaro a ka, ranar da ya sauya ya gane tun kafin hayaƙi ya tashi.

Naku dai kunne ba ya kama su. Cikin jerin farantan da ke zuciyar injin babu abin da ke juyawa, haidurojin ba shi da wari ba shi da launi, kuma kashi 4 cikin 100 a iska ya isa ya kama wuta. Dole a koma ga lambobi. A mai ba da wuta, kowane faranti yana ba da wajen bolt 0.6 zuwa 0.7 in yana aiki. In ɗaya ya fara ja da baya, sau da yawa siririyar fatar da ke tsakiyar farantin ce ta bushe, ko ruwa ya yi mata yawa. Mai raba ruwa kuwa, in yana tsufa, ƙarin bolt yake nema kafin ya ba da iskar da ya saba. Kwamfuta tana tara waɗannan dare da rana, da zafi da matsi, har ta san halin injin. Zaman kallon ke nan, ita ma sai da ta yi shi.

Abin da nake so ka bincika shi ne a ina ta yi zaman nata. In da bayanan ƙasar sanyi aka koyar da ita, ba ta san ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska ba, ba ta san zafin Afrilu na Damagaram da ke wuce digiri 40 ba. Ga ruwa: kilo ɗaya na haidurojin yana cin wajen lita 9, kuma tatacce, don gishirin ruwan rijiya yana lalata fatar. Kai ka san yadda muke da ruwa a garin nan. Ma'aunin da ke ba kwamfuta lambobin, shi kansa ma yakan karkace, kwamfuta ta bi shi.

Saboda haka ka sayi kaye, ka riƙa zagaya injin kowace safiya kana rubuta abin da ka gani da idonka. In ya saɓa da na allo, kada ka taɓa komai, maigidanka za ka fara gaya wa. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce yaushe hutu.