Tambaya da Amsa: Ɗana ya tambaye ni mene ne sholisho

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana ɗan shekara 9 ne, yana aji huɗu na firamare. Ya dawo daga makaranta ya tambaye ni mene ne sholisho, wai ya ga wasu samari a bayan katanga suna shaƙar tsumma. Na daka masa tsawa, ya yi shiru. Babansa ya ce a bar maganar, kada a buɗe masa ido. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Maman Abba, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumussalam Maman Abba. Idon Abba ya riga ya gani. Abin da ya rage shi ne wa zai yi masa bayani, ke ko samarin bayan katanga. Ki gode wa Allah da ya kawo tambayar gida.

Ki zaunar da shi, ki ce masa tambayarsa ba laifi ba ce. Ki gaya masa gaskiya: sholisho gam ne na facin taya. In an shaƙa, tururinsa na bi ta huhu ya shiga jini ya hau ƙwaƙwalwa nan take, kuma yana iya tsayar da zuciya ko a shaƙar farko. Wannan ya ishi ɗan shekara 9.

Shekara 22 na yi ina koyarwa a firamare a nan Jos, kuma ƙofar da na fi jin tsoro ita ce aike. Na taɓa samun wani yaro ɗan aji biyar, kullum barci a kan benci, ido jajawur. Sati biyu ina yi masa faɗan lalaci, har yau abin na damuna. Ranar da na buɗe jakarsa, gwangwanin madara na tarar, da gam a manne a ciki da guntun tsumma. Wani saurayi maƙwabcinsu ke aikensa wurin mai faci, ya ba shi naira hamsin, wata rana ya ce masa ya ɗana. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu cewa ba a ƙin aiken babba, tarbiyya ce mai kyau, amma miyagu da ita suke shigowa. Don haka ki ba Abba izini ƙarara: duk wanda ya aike shi sayen taba, gam ko ƙwaya, ko da kawunsa ne, ya ce "Mama ta hana ni." Ku gwada a tsakar gida, ki zama mai aiken, ya riƙa ba ki amsa har bakinsa ya saba.

Sai batun magani. A 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka maida shi abin maye. Ki kafa doka: ba ya shan magani sai daga hannunki ko na Babansa, kuma ki daina aikensa kemis.

Shi kuwa maigida, ki same shi cikin natsuwa bayan ya ci abinci. Ki nuna masa cewa binciken ƙasa na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Saura shekara shida Abba ya kai 15. Ki roƙe shi ya je wurin hedimasta ya faɗi abin da ke faruwa a bayan katangar, a kuma nemi jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su zo su yi wa ɗalibai bayani. Tun 2021 suke da shirin WADA, na yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi, mai zagaya makarantu. In ya ƙi zuwa, ki ɗauki mayafinki ki je da kanki ranar Litinin.