Kunun tsiro da kabewa: me ya sa ya yi kauri, ya ƙi zaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Karon farko ke nan da na gwada kunun tsiro da kabewa ba sukari, ina so zaƙin ya fito daga hatsin kansa. Na dama ƙullun gero da tafasasshen ruwa, nan take na zuba garin tsiron dawa da dafaffiyar kabewa. Ya yi kauri kamar fate, ya ƙi tatuwa, zaƙi babu. Washegari ya yi tsami yana kumfa. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, zafi ne ya kashe miki tsiro. Idan hatsi ya tsira, yakan samar da sinadarin amiles, mai narka sitaci ya mai da shi sukari. Yana aiki sosai tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Salsiyas. Da zafi ya doshi 80, ya mutu ke nan, kuma ko kunun ya huce ba ya farfaɗowa. Shi kuwa sitacin gero da dawa sai ya dahu kafin amiles ya iya cinsa. Saboda haka aikin hawa biyu ne: a dafa da zafi sosai, a bari ya sauka, sannan tsiro ya shiga.

Ga awo: gero kilo 1, garin tsiro giram 300, kabewa ferarriya kilo 1, ruwa lita 6. Ki jiƙa geron ya kwana, ki wanke, a markaɗa da citta da kanumfari kaɗan. Ki sheƙa masa tafasasshen ruwa lita 4 kina juyawa har ya yi kauri. Wannan kaurin daidai ne, kada ya tsorata ki. Ki zuba ruwan sanyi lita 1, ki ci gaba da juyawa har ma'auni ya nuna 65. Ma'aunin zafi na kicin ya cancanci kuɗinsa, domin yatsa ba ya bambance 65 da 75, duk ƙuna ce a wurinsa. Sai ki kwaɓa garin tsiron da ragowar lita 1 mai ɗumi, ki zuba. Cikin minti goma za ki ga ya fara sakewa. Ki juye a kula, ko ki rufe tukunyar ki naɗe ta da bargo, awa ɗaya da rabi.

Kabewa kuma yawancinta ruwa ne, dafa ta a ruwa ƙara salance ta yake yi. Ki yanka ta manya, ki gasa a oben mai zafin 190 kamar awa ɗaya, har gefenta ya yi ja. Ki dame ta, ki zuba tare da tsiron. Launi da santsi take bayarwa, ba ita ke kawo zaƙi ba. A Amurka, masu dafa giyar kabewa da hatsi zalla haka suke gasa ta, kuma su ma toshewa wajen tacewa ke damun su, shi ya sa suke cuɗa ƙaiƙayin shinkafa wankakke a ciki don ruwa ya sami hanya. Tafin hannu biyu ya ishe ki. Ki fara tacewa da rariya mai faɗin ido, sannan ƙyallen tata, tun da ɗuminsa.

Kina son sanin ko ya kammala? Ɗebi cokali ɗaya a farin faranti, ɗiga aidin, maganin nan da ake shafa wa rauni. In ya koma baƙi-baƙi, da sauran sitaci, ƙara masa rabin awa. Ki zubar da abin da kika gwada.

Tsami da kumfa daga kwanan da ya yi a waje ne. Ruwan hatsi mai ɗumi shi ƙwayoyin tsami da yis na iska ke nema, kuma kumfar alama ce yis ya fara juya sukari zuwa barasa. Da kin tace, ki mayar wuta ya tafasa minti 15 kina juyawa kada ya kama, ki dasa tukunyar cikin ruwan sanyi, ki ɗura a robobi masu tsabta, sai firji. A shanye cikin kwana biyu zuwa uku. Robar da ta kumbura a zubar.

In ke kike yin tsiron dawa da kanki, bayan ya bushe ki murje saiwoyin da ƙananan tohon ki sheƙe su tas. Akwai sinadarin da ke sakin gubar sayanayid a cikinsu, irin ta ɗanyen rogo.