Sirri, Asiri da Kwarmato: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayar farko ta wannan makon daga wani ma'aikacin gwamnati ce a Sakatariyar Tarayya, Abuja. Ya ce: "Malam, kullum ana ja mana kunne a ofis kan fitar da takardun sirri. Shin sirri da asiri abu ɗaya ne? Wanda ya fitar da takardar da ke nuna an wawure kuɗin jama'a, ya tona asiri ke nan?"

Ɗan'uwa, tushensu ɗaya ne, duka daga Larabci muka aro su, amma Bahaushe ya raba musu aiki. Sirri shi ne zancen da aka killace tsakanin mutane ƙalilan, ko mai kyau ko maras kyau. Ranar da za a kai lefe tana iya zama sirri, haka ma shirin sojoji na kai farmaki. Asiri kuwa ya fi kusa da mutunci: abin da in ya fito mai shi zai ji kunya. Shi ya sa muke addu'ar "Allah ya rufa asiri", kuma idan aka ce wane yana da rufin asiri, ana nufin yana da abin da zai ci ba sai ya roƙa ba. Akwai kuma asiri na boka, wannan zance ne daban.

Ka duba wanda ake rufa wa asiri a al'adarmu: magidancin da bashi ya yi wa katutu, ko yarinyar da ta yi kuskure ta tuba. Mai rauni ke nan, wanda tona shi ba zai amfani kowa ba. Ban taɓa jin dattawa sun kira ɓoye satar dukiyar marayu rufin asiri ba. Wannan sunansa haɗa baki. Saboda haka idan babban jami'i ya buga wa takarda hatimin sirri domin kada a ga inda kuɗin asibiti suka shiga, bai cancanci wannan kalma mai daraja ba.

Ga mai fitar da zancen kuma muna da kalmomi da dama, kowacce da nauyinta. Tsegumi da gulma na bayan ido ne, don jin daɗin baki. Annamimanci kai zance ne don haɗa faɗa. Tonon silili bin diddigin aibin mutum ne don a wulaƙanta shi. Fallasa ta fi su zafi, domin tana ɗauke da kunyatarwa a bainar jama'a. Kwarmato kuwa ɗaga murya ne don kowa ya ji, kamar wanda ya ga ɓarawo ya yi ihu. A ganina kafofin labarai sun dace da suka zaɓi "masu kwarmata bayanai" lokacin da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da tsarin ba su tukuici a Disambar 2016, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato.

Tun da kai ma'aikaci ne, ka san Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram. Amma Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011, a sashe na 27, ta kāre jami'in da ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa keta doka ne ko almubazzaranci da dukiyar jama'a. Kafin ka ɗauki wani mataki dai, ka zauna da lauya.

Wata ɗalibar koyon aikin jarida daga Gwagwalada ta rubuto: "Malam, mun yi musu a aji. Wani ya ce ɗan jaridar da ya buga takardar sirri a hukunta shi tare da wanda ya ba shi, wai abokin ɓarawo ɓarawo ne. Karin maganar ta dace a nan?"

'Yata, ba ta dace ba. Ana yin wannan karin magana ne kan wanda ya raka ɓarawo, ya tsare masa ƙofa, ko ya karɓi kason abin da aka sato ya ɓoye. Jigon ta shi ne tarayya cikin ɓoyewa da cin moriya. Ɗan jarida kuwa abin da ya karɓa bajewa yake yi gaban masu dukiyar, wato jama'a. Sannan ma'aikaci ya yi rantsuwar riƙe amana, ɗan jarida bai yi wa gwamnati wannan rantsuwa ba.

Wannan bambanci shi ake ta ja a kai a Amurka. A 1971 Daniel Ellsberg, tsohon ma'aikacin ma'aikatar tsaron Amurka (Pentagon), ya ba jaridar New York Times takardun sirrin ma'aikatar, waɗanda suka nuna gwamnatoci sun yaudari jama'a kan yaƙin Vietnam. Kotun Ƙoli, alƙalai 6 a kan 3, ta hana gwamnatin Nixon dakatar da bugawa. Ellsberg aka gurfanar, kuma a 1973 aka kori ƙarar saboda maguɗin da jami'an gwamnati suka yi. An yanke wa Manning, sojan Amurka da ke bayan bayanan da WikiLeaks, shafin intanet mai wallafa takardun sirri, ta baza a 2010, hukuncin ɗaurin shekara 35 kafin Obama ya sassauta a 2017. Abin da ya tayar da hankalin 'yan jarida shi ne tuhumar Julian Assange, mai wallafa WikiLeaks, da dokar leƙen asiri ta 1917, har ya amsa laifi guda a Yunin 2024 aka sake shi. Mu ma mun ɗanɗana: a ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 4 ta 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda kan labarin naɗin jakadu. Naɗin jakadu fa! Wane rai ne ya salwanta don an san wannan?

Idan abokin karatunki yana neman karin maganar da ta fi kusa, ga ta: in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A tuhumi mai fitarwa in ya saɓa doka, amma a buɗe takardar a ga me aka ɓoye a ciki.

Tambaya ta ƙarshe daga wani tsohon soja mazaunin Nyanya: "Malam, mene ne bunu a cikin 'magana zarar bunu ce'? Ina tuna ta duk lokacin da na ga an buga shirin sojoji a jarida."

Baba, bunu tsohuwar ciyawar jinka ce da ta sha rana da ruwa. In ka zare tsinke ɗaya daga rufin ɗaki, ba ya komawa gurbinsa. Damuwarka tana kan hanya, domin labarin da ya faɗi inda dakaru za su bi gobe yana iya jawo asarar rayukan 'ya'yan mutane, kuma ba gyara bayan an buga. Wannan shi ne sirri na gaskiya, irin wanda aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Irin wannan zargi ne ya sa sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri a Janairun 2019, kan rahoton shirin sojoji na ƙwato garin Baga da ke jihar Borno daga hannun 'yan ta'adda. Ko da edita ya yi kuskure, kotu ce wurin bin kadi. Rufe gidan jarida da bindiga ba ya mayar da bunun da aka riga aka zare.