Kamashon da ɗakin gwaji ke ba likita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni likita ce a asibitin gwamnati. Akwai ɗakin gwaji na kuɗi kusa da mu, duk majiyyacin da na tura musu sukan ware mini kashi 10 cikin 100. Aikinsu na da kyau, kuma ba na tura wanda ba ya buƙata. Majiyyatan dai ba su sani ba. An ce mini dillanci ne, halal ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, da zuciyarki ta kwanta da kuɗin nan da ba ki rubuto ba. Bai halatta ba, kuma "ba su sani ba" ɗin nan da kika faɗa a wuce, nan hukuncin yake.

Haramcin kyautar ma'aikaci sananne ne, hadisin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka da Annabi (SAW) ya yi wa faɗa kan kyautar da aka ba shi a bakin aiki, ya wadatar. Maganar dillanci ce ke buƙatar tsayawa.

Ladan dillali halal ne, ba mu musu. Amma wane ne dillali? Wanda ya je kasuwar shanu ya san mutumin da ke tsakaninsa da mai saniya yana da la'ada, don haka yana auna maganarsa, ya taya, ya fasa in ya ga dama. Matar da ta zo da yaro jikinsa rau da zazzaɓi ba ta tayawa. Kin rubuta, ta je ta ciwo bashi ta biya. Tana kallonki ne a matsayin mai ba da shawara, mai ba da shawara kuwa, Annabi (SAW) ya ce abin amincewa ne. Sannan turawar nan aikinki ce da ake biyan ki albashi a kanta, to la'adar ta mece ce? Mai ɗakin gwajin ma ba daga aljihunsa yake ba ki ba, a kan farashin gwajin yake ɗorawa.

Duba Muwaɗɗa: Abu Musa, gwamnan Basra, ya ba 'ya'yan Halifa Umar biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, rancen kuɗin baitulmali a hanyarsu ta dawowa daga rundunar yaƙi, suka juya suka ci riba, suka kawo uwar kuɗin Madina cif. Ba a yi asarar ko dirhami ba, amma Umar ya tambaya ko duk rundunar aka ba irin wannan rance, ƙarshe rabin ribar ya shiga baitulmali. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa inda maslaharsa za ta ci karo da aikinsa.

Na yarda ba kya tura wanda ba ya buƙata, a yau. Ranar da kuɗin makarantar yara ya matso, gwajin da ake iya jinkirtawa zai fara yi miki kama da na dole. Ki kiyayi 'yan tallan magani ma, da kyautarsu ta tikitin taro da kwandon azumi.

In na'urar asibiti ta lalace, ki ambata wa majiyyaci wurare biyu ko uku ya zaɓa. Ki ce wa mai ɗakin ya rage musu kason naki. Abin da kika karɓa a baya, ki mayar wa waɗanda kike iya samu, saura ki biya wa marasa ƙarfi magani da niyyar sadaka ga masu shi.

Allah ne mafi sani.